Zaman Zaure Ba Biko Ba Ne

Rafin Guza, Kaduna
Ranar Laraba, bayan azahar

Zuwa ga yaron nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya tsare min kai a zaune da a tafe, Ya kiyaye ka daga sharrin mota da sharrin hanya, da sharrin bakin mutanen garin da za a kai ka. Na gama gaisuwa. Yanzu ka gyara zama, don raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali daga ƙofata zuwa ɗakin da kake haya ko tuwo aka ɗauka ba zai huce a hanya ba. To, ka yi ta mamakin. Shekara ashirin da bakwai ke nan da na haife ka, ban taɓa zaunar da kai na yi maka magana ido da ido ba, saboda kai ne ɗan fari, kuma haka muka taso muka gani, uwar kirki ba ta sakin baki da ɗan farinta, ba ta ma kama sunansa. Ashe yau ce ranar da karatun yaƙi da jahilcin nan zai yi min amfani. In ka ga rubutun ya karkace, ba tsufa ba ne, haushi ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. An yi maka canjin makaranta, an tura ka koyarwa can wani gari bayan Funtuwa, ranar Asabar ɗin nan za ka hau mota a Kawo. Takardar canjin ta yi mako uku a aljihunka. Matarka Zulai, wadda kuke ɗaki ɗaya da ita, a gidan suna ta ji labarin, daga bakin matar hedimastanku, a tsakiyar mata, ana yi mata Allah Ya kiyaye hanya ita kuwa tana raba ido. Ta dawo ta tambaye ka, ka ce mata haka ne, ka ci gaba da goge takalminka. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, kai kuwa ka ɗauki buta ka tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Washegari ta haɗa kayanta ta tafi gidansu a Malali. Yau kwana tara ke nan. Kai kuma me ka yi? Ka sayi sabon risho ka ba Goggonka Hajo ta kai mata. Mace ta yi yaji saboda an mai da ita bango, an aika mata da abin dafa shayi. An dawo maka da shi ko kwalinsa ba a buɗe ba, kuma ka gode wa Allah ba ni ce Zulai ba, da a kanka zai sauka.

Jiya na je Malali da ƙafata. Mahaifinta mutum ne mai mutunci, bai ɗaga min murya ba, amma ya gaya min a fili cewa in ka bar Kaduna ranar Asabar ba ka zo ka buɗe bakinka ba, shi zai ɗauka ba ka da bukatar 'yarsa, kuma ba zai bar ta da igiyar aurenka tana jiran wanda bai ce a jira shi ba. Ka ji inda maganar ta tsaya. Aurenka ne ke shirin mutuwa, kwana uku kuma suka rage maka. Na san ka sarai. Kana can zaune bakin gado kana juya maganar a cikinka, kana cewa ai ta san ba da wata manufa ka yi ba. Ba ta sani ba. Ta ina za ta sani? Ni ma sai da na kusa binne mahaifinka sannan na gane yadda irinku suke.

Ni da Zulai irinmu ɗaya. Mu sai mun faɗi magana muke sanin abin da ke ranmu. Mukan faɗi goma, uku ne na gaske, sauran bakwai ɗin hayaƙi ne, kuma da mun faɗa mun huce. Kai da mahaifinka kuwa sai magana ta kwana ta wuni a cikinku, ta nuna, kun juya ta gaba da baya, sannan in an yi sa'a ku fito da rabinta. Mu muna ganin shirunku wulaƙanci ne. Ku kuna ganin faɗanmu yanke hukunci ne. Da haka na ɓata shekaru masu yawa na aurena, kuma tun da babu wanda zai ba ka labarin sai ni, bari in tona wa kaina asiri.

Ina amarya, ko shekara ban cika ba, aka sa bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata a Zariya, wadda muka tashi tare kamar tagwaye. Mahaifinka ya dawo daga kasuwa, daga rumfarsa ta gyaran agogo, inda yake wuni da gilashi a ido ɗaya ba ya ce wa kowa kanzil. Na ajiye masa abinci, na durƙusa na ce ina so in je bikin. Ya kai loma baki, ya tauna, ya kalli ƙasa. Ni kuwa a wurina shirun numfashi uku ya isa amsa. Nan take na hau, na ce dama na sani ba ya son dangina, dama tun ranar ɗaurin aure na lura da yadda yake kallonsu, shi ke nan na fasa, Allah Ya ba su zaman lafiya ba sai da ni ba. Ni na yi tambayar, ni na ba kaina amsa, ni na yi fushi da amsar, duk kafin ya haɗiye lomar nan. Aka yi biki ba ni, na yi kwana bakwai ina kumburi. Sai bayan an watse matar wani direba maƙwabcinmu take tambayata me ya hana ni tafiya, alhali tun kafin in yi maganar Malam ya kama min wuri a gaban motar mijinta, har ya sayi turmin atamfa na gudummawa. Na koma gida kamar zan tashi sama, na ce masa don me bai gaya min ba. Ya ɗago ya ce, "Kin ce kin fasa." Atamfar nan tana cikin akwatinsa a ninke.

Laifina ne a nan, ban ba shi fili ba. Amma shi ma da laifinsa, kuma shi ne naka yau. Da ya ce min na ji, ki dakata in gama cin abinci, da duk wannan bai faru ba. Saboda haka ka riƙe wannan. In Zulai ta tambaye ka abu, amsar kuma ba ta nuna ba, kada ka yi gum. Ka ce mata ka ji, ta ba ka zuwa gobe. Wannan ba ya bukatar dogon tunani, ko yaron aji ɗaya da kake koya wa baƙi zai iya faɗa. Mace irinmu za ta iya jiran amsa har mako in ta san tana tafe. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta yi magana ta ga kamar a rijiya ta jefa ta. In ka bar mata shiru, ita za ta cika shi da kanta, kuma wallahi ba da alheri za ta cika shi ba, ni shaida ce.

Na biyun ya fi nauyi, kuma ko Goggonka ba ta san shi duka ba. Kana da ƙanwa da ba ka tuna ta ba, Hauwa, wadda ƙyanda ta ɗauke tana da wata goma sha ɗaya. A lokacin kai kana wurin Goggonka Hajo, ta ɗauke ka tun yaye. Ranar da aka kai yarinyar nan makwancinta, mahaifinka ya dawo ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe. Ya shigo cikin gida, ina jira ya ce min wani abu, ko sannu ce, ko ki yi haƙuri. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni, ya ɗauki randar da ta tsage ya fita da ita ya liƙe, ya dawo da ita ya cika ta da ruwa. Ana yin sadakar uku, washegari ya ɗauki akwatin aikinsa ya tafi kasuwa. Ni kuwa zuciya ta zo min wuya. A gaban matan da suka zo gaisuwa, har da danginsa, na ce mutumin nan ba zuciya ce a ƙirjinsa ba, agogo ne. Na ce da agogon wani ne ya tsaya da ya fi haka damuwa. Yana zaure ya dawo ɗaukar wani abu, ya ji da kunnensa. Bai ce uffan ba. Shirun nan ya ƙara tunzura ni, na ɗaure kayana na tafi Katabu gidan Kawunka Garba.

Ka san yadda ake yi. Mace in ta yi yaji, miji ko nasa sai su biyo ta, su zauna da magabatanta, su ce sun zo biko, a ji ta bakin kowa, a ba da haƙuri, a mai da ita. Sai an faɗi kalmar. Babban wa ba zai ɗauki ƙanwarsa ya miƙa wa mutumin da bai roƙa ba, in ya yi haka ya zubar mata da daraja har abada. Juma'ar farko ana saukowa daga masallaci sai ga mahaifinka a kan kekensa, tun daga Kaduna, rigarsa jiƙe da gumi. Kawunka ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, aka kawo ruwa. Kawunka ya yi shiru yana jiran magana. Mahaifinka ya yi shiru. Can ya lura agogon bangon zauren ya tsaya, ya sauke shi, ya buɗe, ya gyara, ya mayar. Da la'asar ta yi ya ce to, shi zai koma. Ya hau kekensa.

Juma'a ta zagayo ya sake zuwa. Wannan karon ya gyara ƙyauren zaure. Ta gaba ya kawo goro da sabulu. Haka muka yi wata uku cur, har yaran unguwa suka san ƙarar kekensa, har Kawunka ya fara cewa shi dai ya samu mai gyara kyauta. Ni kuma ina ina? Ina bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida. Da na ji sallamarsa sai in jawo turmi kusa da zanar nan, in kama daka ko da babu abin dakawa, in saki baki ina gugar zana. In ce wa matar Kawunka, da ƙarfi yadda zai ji, wasu mazan dai da su da kujera duk ɗaya. In ce ai wanda bai yi kukan 'yarsa ba ba zai yi na matarsa ba. A zatona in na matsa masa zai fusata ya yi magana, ko zagi ne in samu in ji. Ni da a zage ni da a yi min shiru, gara zagin sau goma. Daga ƙarshe Goggonka Hajo ce ta gaji, ta hau mota ta zo, ta faɗi kalmar a madadinsa, aka mai da ni. Na koma, na ci gaba da aure, na haifi ƙannenka, amma na riƙe abin nan a raina kusan shekara ashirin, cewa mijina bai taɓa buɗe baki ya ce yana son in dawo ba. Duk faɗan da ka taso kana ji ina yi masa a kan gishiri da kananzir, ba na gishiri da kananzir ba ne, na zauren Katabu ne.

Shekara huɗu da suka wuce, a ciwonsa na ajali, mun dawo daga asibiti da hantsi, na jingina shi da filo ina ba shi kunu. Ranar ban san me ya same ni ba, gajiya ce ko tsoro, na yi shiru. Na daɗe ban ce komai ba, abin da ban taɓa yi ba a gabansa. Sai na ji ya ce, "Rakiya, zuwan nan da nake yi Katabu." Na ce ina ji. Ya ce, "Tun daga Kawo nake haɗa maganar a kan keke. In na zauna zan faɗa, sai in ji muryarki a bayan zana, sai ta koma." Ya huta, sannan ya ce ranar da ya tafi kasuwa bayan sadakar uku bai buɗe rumfa ba, maƙabarta ya wuce, ya wuni a can. Kwana shida bayan wannan maganar ya rasu.

Kana tsammani daɗi na ji? Haushi na ji, kuma har gobe ina jin sa. Na ji haushin kaina, da na tsaya da taɓarya ina korar maganar da nake mutuwar son ji. Na kuma ji haushinsa, Allah Ya jiƙansa, da ya bar ni shekara ashirin ina zaton ba ni da daraja a wurinsa, alhali numfashi biyu ya ishe shi ya raba ni da wannan. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba, amma ya cuce ni da shirunsa kamar yadda na cuce shi da bakina. To, kai ga shi ka ɗauko hanyarsa tiryan-tiryan, har ka fi shi, don shi aƙalla yana taka keke ya je. Kai risho ka aika. Ka sani, gyaran randa da sayen risho duk alheri ne, kuma na san a wurinku nan ne maganar take. Amma mu ba ma jin wannan yaren sai an haɗa mana da na baki. Ka kai kayan in kana so, sai dai ka kai su da kanka, ka kuma faɗi abin da suke nufi.

Na ukun kuwa tsakanina da kai ne, kuma shi ya fi yi min wuyar rubutawa, har na tashi na sha ruwa na dawo. Ka tuna ranar da sakamakon jarrabawarku ya fito, aka ɗauke ka makarantar horon malamai? Ni na tuna. Ana yi min kitso a tsakar gida, mata sun fi biyar a zaune. Ka shigo da gudu, kai da ba ka gudu, takarda a hannunka, bakinka har kunne. Ka manta da kowa, ka tsaya a gabana ka ce, "Inna, na ci." Ban taɓa jin muryarka da ƙarfi haka ba. Zuciyata kamar ta fito don murna. Amma mata na kallona. Sai na kau da kai wajen bango, na ce a gaya wa yaron nan ya je ya nuna wa Goggonsa. Matan nan suka yi ta yaba min, wai Rakiya akwai kunya, wai duk surutunta ta san ɗan fari. Na ji daɗin yabon, kaina ya yi girma. Ta gefen ido na ga ka tsaya, ka ninke takardar nan gida huɗu, ka sa a aljihu, ka fita a hankali. Tun daga ranar ba ka sake kawo min wani labari da bakinka ba. Samun aikinka a wurin Goggonka na ji, maganar aurenka ma haka.

Saboda haka da aka ce min takardar canji ta yi mako uku a aljihunka, na yi faɗa, na yi tsalle na dire, amma da na koma ɗaki na zauna na san wanda ya koya maka ninke takarda. Ni da unguwar nan kaf ta san muryata, ni da nake tsayar da mai kayan miya mu yi rabin sa'a muna hira, ban taɓa ce wa ɗana sannu da ƙoƙari ba. Kunya abu ce mai kyau, ba na zagin abin da iyayenmu suka bar mana. Amma ni ban yi ta don Allah ba ranar nan, na yi ta ne don mata biyar su yaba. Ka zo da halin mahaifinka na shiru tun daga ciki, ni kuma maimakon in jawo ka sai na ƙara rufe ƙofar. Wannan laifina ne, na ɗauka. Sai dai kada ka kuskura ka mai da shi hujja. Kai yanzu ba yaro ba ne, malami ne kai, kana tsayawa gaban yara arba'in ka yi ta bayani tun safe har azahar. Bakin da ya iya wannan ya iya gaya wa matarsa an yi masa canji.

Na san abin da ya hana ka faɗa mata, ko ba ka gaya min ba. Ka san ba ta taɓa nisa da iyayenta ba, ka san za ta yi kuka, ka ce bari sai ka samo ɗaki a can, ka shirya komai, sannan ka kawo mata magana a gyare. A ganinka tausayi ne. To, ita ba gyararriyar magana take so ba. So take a yi damuwar da ita tun tana ɗanya, ta yi kukanta, ta yi mitarta, ta ce ba za ta je ba, gobe kuma ka tarar ta fara ɗaure tukwane. In ta ce maka ta gaji da auren nan, kada ka ɗauka ka ajiye a ranka kamar yadda mahaifinka ya ajiye "na fasa" ɗin da na ce masa. Ka bari ta sauko, ka tambaye ta ko da gaske take. Kuma in tana faɗa kada ka sake ɗaukar buta. Fitar nan da kake yi don kada rai ya ƙara ɓaci, a wurinta mari ne. Ka zauna, ko ba za ka ce komai ba ka dube ta, in ta gama ka ce ka ji.

Can inda za ka ma haka ne, kada ka ce ban gaya maka ba. A nan Rafin Guza an san ka, an san ubanka, in ka wuce ka ɗaga hannu kawai sai a ce halinsu ne. A can babu wanda ya san ubanka. Baƙon malami daga Kaduna, da farar riga da agogo, in bai tsaya ya gaisa ya tambayi gona da iyali ba, kafin wata ya ƙare an sa masa suna mai girman kai. In hedimasta ya ɗora maka abin da ba za ka iya ba, ka faɗa masa ranar, kada ka amsa da ka sannan ka zo kana ciwo a ciki. Mutane ba sa ganin cikin mutum, abin da ya fito suke gani.

Kada kuma ka zaci na je Malali na goya wa Zulai baya ne kawai. Ita ma na wanke ta tas. Na gaya mata miji irinka ba a tsare shi da tambaya biyar a numfashi ɗaya, ba a kuma yi masa faɗa a tsakar gidan haya maƙwabta na ji. Na ce ta tambaya sau ɗaya, ta kama bakinta, ta ƙirga ɗari a zuci in ta kama. Ta yi kuka, ta ce ita ba tafiyar ce ta dame ta ba, ko daji ne za ta bi ka, abin da ya ƙona mata rai shi ne matar hedimasta ta fi ta sanin mijinta. Kuma bari in ƙara maka, duk surutun nata ita ma tana da maganar da ta riƙe ba ta gaya maka ba, ta ce tana ta jiran ranar da za ta ga fuskarka a sake. Ni da ido na gane, na ga yadda take kau da kai daga ƙanshin miya. Ba ni zan faɗa maka ba. Ka je ka tambaye ta da bakinka.

Yanzu ga yadda za a yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Jibi Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ka sa rigarka mai kyau ka jira ni. Ba Goggonka za ta je ba, ta yi wa ubanka biko, ba za ta yi wa ɗansa ba, ya isa haka. Ni da kai za mu shiga tasi mu tafi Malali. Za a shimfiɗa maka tabarma a zaure, mahaifinta zai gaisa da kai, sannan zai yi shiru yana jira. In ka ga agogonsu ya tsaya ko ƙyaurensu ya karkace, ka ƙyale musu abinsu. Ka ce, Baba, na yi kuskure, na zo biko, ina roƙo a ba ni matata mu tafi tare. Ko muryarka na rawa ka faɗa, ko gumi zai jiƙa ka ka faɗa. In maganar ta maƙale ka yi shiru ka sake ɗaukowa, zai jira ka, na roƙe shi wannan.

Ni kuwa zan shige cikin gida in zauna kusa da Zulai, in riƙe hannunta. Na yi maka alkawari, kuma ka san abin da alkawarin nan zai ci min, daga lokacin da ka zauna a zauren nan har ka gama, ba za ka ji muryar mace ko ɗaya a bayan zana ba. Ba tata ba, ba tawa ba. Ko awa biyu za ka yi kana nemo maganar, za mu jira. Abin da na hana mahaifinka ba zan bari a hana ka ba.

Allah Ya kai ka garin nan lafiya, kai da iyalinka a mota ɗaya. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka ɗaki mai albarka da maƙwabta masu haƙuri, Ya tsare ka daga ciwo da zazzaɓin baƙon wuri. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya yafe masa, Ya yafe min abin da na faɗa a gaban mutane. Allah Ya buɗe maka bakinka, ni kuma Ya koya min rufe nawa.

Takardar nan ba zan ba kowa ya kawo maka ba, da hannuna zan miƙa maka ita yau kafin magariba. In na zo ƙofarku ba zan ce a kira min yaron nan ba. Matan gidan hayarku su fito su saurara in suna so, su kai labari duk inda suka ga dama, su ce Rakiya ta tsufa ta zubar da kunya. Sunan da mahaifinka ya raɗa maka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar suna, shi zan kira, kuma in ka ji ka amsa da ƙarfi.

Ka ci jarrabawar nan, na gani, na kuma yi murna. Sannu da ƙoƙari, Haruna.

Mahaifiyarka,
Rakiya